Gwangwanin Mma Rahmatu

"Riƙe ƙafar nan da kyau, Malam Sabitu! Kai kamar ba namiji ba."

Rahmatu ta durƙusa a kan yashin tsakar gida, ta kama kafso ɗaya mai ja da rawaya, irin wanda 'yan Lome ke ce wa tupaye, ta murɗe shi ya rabu biyu. Ta zazzage garin cikin a bakin raunin da ke tafin ƙafar Sabitu, ta danna da babban yatsa. Shi kuwa ya ja iska ta haƙori, ya dafe bango.

"Yaya, yana cizo fa."

"To da me kake so ya yi maka, shafa? Ungo wannan, na ciki ne. Ɗaya da safe, ɗaya da yamma, ka kora da koko."

Sabitu ya haɗiye, ya yi hamdala. Mai ɗinkin katifa ne, siriri, mai sanyin magana, kuma shekara ashirin da biyu ke nan ƙofar ɗakinsa na kallon ta Rahmatu a gidan haya guda cikin Zongon Lome. Jiya da hantsi yana cusa audugar rimi ya taka basillarsa, babbar allurar nan ta ɗinkin katifa, wadda ta ɓuya cikin audugar da tsininta a sama. Ta shige shi sosai. Da ya zare ta jini ma bai fito da yawa ba, shi ya sa ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki, sai da gari ya waye ya ga ƙafar ta ƙi shiga takalmi.

Rahmatu ta mayar da murfin gwangwaninta, ta buga shi da tafin hannu ya zauna. Wannan gwangwani na madarar jarirai, wanda fentinsa ya gama gogewa, shi ne asibitin gidan, kai har da gidaje huɗu na maƙwabta. Ka'idarsa kowa ya san ta. Duk wanda ya sami magani, ko daga masu talla a faranti da ke ɗauko shi daga Aflao, iyakar Gana, ko wani ɗan'uwa ya aiko masa daga Ankara, to da zarar ya ji sauƙi sai ya tsaya, ya kawo ragowar ya zuba a gwangwanin, sadaka ga na baya. Wanda ya shanye nasa tas bayan jiki ya warware, marowaci ake ce masa, kuma sai ya ji a bakin mata. Akwai ja da rawaya, akwai ja da baƙi, akwai farare masu tsaga a tsakiya, duk a cakuɗe. Rahmatu ce ta san na wane ciwo ne wane launi, domin shekara goma sha ɗaya ta yi tana share ƙaramin asibitin gwamnati da ke bayan unguwa, tana ganin abin da ake miƙa wa mutane.

Mutanen Zongo dama ba su cika son wannan asibitin ba. Ka yi sammako, ka karɓi lamba, ka zauna a benci har rana ta take, sannan a tambaye ka da Faransanci ina ke maka ciwo, ka tsaya kana nuni da hannu kamar kurma, ma'aikata na ƙunshe dariya. Wani lokaci kafin a duba ka sai an tambayi katin jam'iyya, don jam'iyya ɗaya ce a ƙasar kuma kowa ɗanta ne, ya so ko ya ƙi. Daga nan sai a ce ina aka haifi ubanka. A shekarar da ake ta raɗe-raɗin za a tashe Zongo a kai mutane can bayan gari, wa zai so ya je ya faɗi da bakinsa cewa kakansa daga Kano ya zo? Gara mutum ya haɗiyi kafso biyu a ɗakinsa da mutuncinsa.

Amma na Rahmatu ya wuce wannan. Ita tata gaba ce, kuma da mutum ɗaya take yin ta: Majo Issifou, babban ma'aikacin jinya na asibitin.

Ɗan Zongo ne fa! A layin bayan masallaci aka haife shi, Rahmatu ta sha goya shi uwarsa na tuyar ƙosai. Ya yi boko, ya sa farar riga, aka ba shi Majo, shi ke nan sai Hausa ta ɓace masa a baki ɗungurungum, wai kada a ce masa baƙo. Shekara uku da suka wuce Rahmatu ta kawo masa 'yarta Assana tana jego, kwananta shida da haihuwa, jiki kamar garwashi. Ranar kuwa an ce duk ma'aikata su fita filin animasiyo, rawar jam'iyya, za a tari manyan baƙi. Ta durƙusa masa a gaban mutane, ta ce, "Issifou, ƙanwarka ce, dubi idonta." Ya dubi agogonsa, ya amsa mata da Faransanci cewa ta karɓi lamba ta jira, ya ɗaga murya ya ce, "Suivant!", wato mai bi ya shigo. Ƙarfe goma ya kulle ƙofa ya kwashi ma'aikata suka tafi rawa. Kafin su dawo Assana ta cika a kan benci, kanta a cinyar uwarta.

Rahmatu ta jefar da tsintsiyar asibiti ranar, ba ta sake ɗauka ba. Bayan an dawo daga maƙabarta ta tsaya a tsakar gidan nan ta rantse cewa muddin tana numfashi, babu ɗan gidan da zai sake zama a bencin Issifou, sai dai asibitinsa ya zama kango ya zauna yana kiran mai bi babu mai amsawa. Sabitu ne ya fara cewa, "Mun ji, Yaya, mun ɗauka." Ba zai iya cewa komai ba sai haka. Lokacin da matarsa ta rasu ta bar masa jaririya, Zaituna, Rahmatu ce ta shayar da ita tare da Assana, nono ɗaya wannan, ɗaya waccan. Gwangwanin kuwa na madarar da ta saya wa jaririn Assana ne, kafin dangin uba su zo su ɗauke shi.

Kwana uku da fara magani ƙafar ta saɓe. Sabitu ya fito ya shimfiɗa buhunansa a inuwar katanga, yana ɗingishi yana waƙe-waƙensa ƙasa-ƙasa.

"Ka gani ko?" in ji Rahmatu daga bakin murhu. "Da wancan la'anannen ka je, da yanzu kana benci kana korar ƙuda."

"Wallahi na ji daɗi, Yaya. In ƙara na yau?"

"Ka ƙara me? Mutum ya warke ya ci gaba da sha, na baya su sha me? Kawo sauran."

Ya kawo guda huɗu a tafin hannu, ta zuba su a gwangwani, suka yi ƙara a ciki. Ta ji wani daɗi har cikin ƙashinta. Duk kafson da ya dawo gwangwanin nan, a wurinta mari ne a fuskar Issifou.

Aka yi ruwa kwana biyu a jere, irin ruwan Lome mai taruwa a lungu ya ƙi tafiya, Sabitu kuwa ya yi ta ratsa shi zuwa masallaci da silifas. Ranar Lahadi ƙafar ta dawo da fushinta. Kumburin ya haye idon sawu, fatar ta yi sheƙi, kaluluwa ta fito masa a matsematsi. Rahmatu ta ce ai sanyin ruwa ne ya tayar da shi, ta koma ba shi ja da rawaya, ta ƙara masa da fari mai tsaga.

Ranar Talata da ta fito ɗora koko sai ta ga ƙofarsa a rufe da kwaɗo. Ta tambayi Fatouma, matar direban da ke ɗakin kusa da rijiya, ta ce ita dai ta ji fitarsa bayan asuba. Sai gab da azahar ya shigo yana dogara sanda, gumi na zuba, hularsa a danne har gira.

"Ina ka shiga da wannan ƙafar?"

"Unguwar Hédzranawoé na je. Wani ne ya ce in auna masa gado."

Ta matso don ta kama shi ya zauna, sai warin ya buge ta. Alkol ne na wanke rauni, da sabulun nan na wanke daɓen asibiti. Shekara goma sha ɗaya tana shaƙarsa, ko a kabari aka kawo mata shi za ta gane. Ta dubi ƙafar. Tsohon tsummansa ne a ɗaure, amma tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi akwai ɗan jan aidin da bai gogu ba.

Ta ɗauko kujera 'yar tsugune ta zauna a gabansa.

Sabitu ya kai hannu ya taɓa hularsa, ya sauke hannun, ya sake kaiwa. "Yaya," ya ce, "da a ce mutum... wato da a ce wani ya ba mutum shawara, a kan ƙafar nan..."

"Ka san abin da na tuna yau?" Ta katse shi, muryarta a kwance. "Ƙafafun Assana. Ka tuna da lallen da aka yi mata na suna? Ranar da za a yi sunan ke nan washegari. Ina zaune a bencin nan ina kallon lallen, ina jin kiɗan rawarsu daga fili. Ta ce mini, Mma, ƙishirwa. Ban tashi na nemo ruwan ba, don kada a kira lambarmu ba na nan. Lamba goma sha bakwai, Malam Sabitu. Har yau tana cikin adakata." Ta ɗago ta dube shi tsakiyar ido. "Kai ne ka fara ce mini kun ɗauka. Duk gidan nan in kowa zai ci amanata, na san ban da kai. Me kake cewa a kan shawara?"

Ya daɗe yana kallon yashi. Sannan ya gyara zaman hularsa da hannu biyu.

"Babu komai, Yaya. Cewa zan yi ko a gwada ja da baƙi."

"Yauwa. Yanzu ka yi magana."

Da la'asar ta tare mai tallan magani a bakin layi, ta zaɓo ja da baƙi sababbi daga faranti, waɗanda rana ta ɗan manne su da juna. Ta ninka masa, biyu da safe, biyu da yamma. Ta dafa masa ruwan zafi da gishiri, ta yi masa farfesun kifi, ta wanke masa tsummoki da hannunta. Kada wani ya ce Rahmatu ba ta yi jinya ba. Ta yi, wallahi ta yi, ko 'yar'uwa ta jini iyakarta ke nan. Abu ɗaya ne kawai ba za ta yi ba, ba kuma za ta bari a yi ba.

Ƙafar ta fara baƙi daga yatsu. Ɗakin ya ɗauki wani wari mai zaƙi-zaƙi wanda turaren wuta ya kasa rufewa. Ranar Asabar Fatouma ta same ta a bakin rijiya, ta yi ta murza bakin zanenta kafin ta iya buɗe baki.

"Mma, maigidana ya ce in an yarda zai ɗauke shi a motarsa. Ko ba wurin Majo ba, a wuce babban asibiti."

"Babban asibitin ana shiga ne haka kamar kasuwa? Sai da takardar wa? Sai da sa hannun wa?" Rahmatu ta dangwarar da guga. "Ke yaushe kika zo gidan nan? Lokacin da ɗanki ya yi gudawa har idonsa ya faɗa, wa ya tashe shi, Majo ko gwangwanin nan? Ku je ku durƙusa masa, ya dubi agogo! Amma duk wadda ta kai masa Sabitu, ta sani ni da ita har abada."

Fatouma ta ɗauki bokitinta rabi ta wuce. Ba wanda ya ƙara tayar da maganar. Shi ma Sabitu da aka tambaye shi cewa ya yi yana hannun Yaya, yana hannun Allah. Abu biyu kawai ya roƙa: a ba direbobin goro saƙo zuwa Sokode, inda Zaituna ke aure tana aikin buga tafireta a wani ofis, a ce ta zo, sannan a bar masa hularsa. Zazzaɓi na gasa shi, gumi na jiƙa matashi, amma da an kai hannu za a cire ta sai ya dafe.

"Wai me ke cikin hular nan, zinariya?" in ji Rahmatu tana masa fifita.

"Zaituna nake jira," ya ce. Ta ɗauka sambatun zazzaɓi ne, ko kuma ta ga dama ta ɗauka haka.

Ranar Alhamis da hantsi, ana jin ganguna daga makarantar unguwa inda 'yan mata ke koyon sabuwar rawar jam'iyya, Rahmatu ta shigo da koko da kafso biyu. Ta tallafo kansa. Ya buɗe ido, ya gane ta sarai.

"Yaya, ban ci amanarki ba ko?"

"Sha maganinka, bar surutu."

"Ki ce ban ci ba."

"Ba ka ci ba."

Ya yi ɗan murmushi. Kafson na kan harshensa bai haɗiye ba. Leɓunansa suka motsa da shahada, ta kama masa, suka ƙarasa tare, ko dai ita ta ƙarasa. Ta sa yatsa ta zaro kafson daga bakinsa, ya yi laushi, jansa ya ɓata mata yatsa. Ta rufe masa ido, ta fito tsakar gida ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," mata suka fito da salati.

Kafin la'asar an kai shi. Masu wanka suka miƙo kayan jikinsa a ƙunshe, Rahmatu ta karɓa don ta wanke. Da ta juya hular sai ta ji abu na ƙara a cikin naɗin. Takarda ce, an ninke ta huɗu, gumi ya rine ta, ta lanƙwashe daidai da kan mai ita. Rahmatu ba ta iya karatun boko ba, amma ta san hatimin nan mai shuɗi, ta san wannan sa hannun mai doguwar jela kamar ta ɓera. Sau dubu ta share irinsa a ƙasa.

Wani abu ya taso mata, zafi da daɗi a haɗe. To, ashe! Ya je, an dube shi, an sallame shi da 'yar takarda kamar yadda aka saba, ya dawo ya mutu. Ga shaida a hannunta, da hatimi, da sa hannu. Na Assana ba ta da komai sai lamba, wannan karon kuwa Allah ya kama mata shi. Za ta sa a karanta a gaban jama'a ranar sadakar uku, daga nan ta wuce da ita wurin shugaban jam'iyya na unguwa, ta ce ga yadda ma'aikacin gwamnati ke kashe 'yan ƙasa. A wannan zamanin, ƙarar da ba ta kai wannan ba ma ta isa a tuɓe wa mutum farar riga a tura shi inda ba a dawowa da wuri. Ta soke takardar a ɗaurin zanenta. Kwana biyu ba ta yi kuka ba, abinci ma ta ci sosai.

Zaituna ta iso ranar Asabar da safe, saƙon bai same ta da wuri ba. Ta faɗa jikin Rahmatu tana "Mma, Mma," suka zauna a tabarma cikin mata, ana raba masa da goro. Maza na waje ƙarƙashin rumfa. Can sai Fatouma ta leƙa zaure ta dawo da sauri.

"Mma, Majo ne. Wai zai yi wa Zaituna gaisuwa."

"Ce masa ya shigo," in ji Rahmatu, har tana gyara ɗaurin kallabi. "Yau ai ranarsa ce."

Ya tsaya a bakin zaure, ba farar riga, doguwar riga ce da hula kamar kowane ɗan Zongo. Ya yi ƙiba, furfura ta fara masa. Rahmatu ta miƙe, ta zaro takardar, ta ɗaga ta sama yadda kowa zai gani.

"Jama'a, ku shaida! A hular Sabitu na same ta. Zaituna, ke kika yi boko. Karanta mana abin da wannan ya rubuta wa ubanki ya kore shi da shi. Da ƙarfi, ki juya mana da Hausa, tunda shi ba ya ji."

Zaituna ta warware takardar a hankali don kada ta yage. Ta karanta da ido tukuna. Rahmatu ta ga leɓenta na rawa, ta ce a ranta, yauwa.

"Karanta mana, 'yata."

"An rubuta ranar Talata," in ji Zaituna. "Talatar makon jiya. An ce: a karɓi wannan mutum a babban asibiti yau, ba gobe ba. Ciwon ya shiga jini, amma in an yi aiki cikin kwana biyu za a ceci ransa, wataƙila har da ƙafar. An ja layi biyu a ƙarƙashin yau." Ta kai yatsa ƙasan takardar. "A ƙasa an ce: ya daina shan kafson gida, sun gauraya, sun daina yi masa aiki."



"Ƙarya ne," in ji Rahmatu. "Sake dubawa."

"Mma, aikina ke nan kullum."

Daga bakin zaure Majo Issifou ya yi magana, kansa a ƙasa, da Hausar layin bayan masallaci tsantsa. "Na ce masa ya jira in tashi in kai shi da kaina. Ya ce a'a, sai ya je ya gaya wa Yaya tukuna."

Rahmatu ta juya kansa kamar za ta cinye shi. "Yau ka iya Hausa? Yau? Ina ka ajiye ta ranar da Assana ke kan bencinka? Da ka buɗe bakin nan ranar, da wa zai guje ka? Kai ka kashe ta, kuma wallahi ban yafe ba, ba zan yafe ba har gaban Allah!"

Bai ɗago ba. Ya ce wa Zaituna Allah ya ba da haƙuri, ya juya ya fita. Ba wadda ta bi shi da kallo. Duk idanun matan na kan Rahmatu, ita kuwa ta tsaya da hannu a sama babu komai a cikinsa.

"Mma," Zaituna ta kira ta, a natse. "Ranar Talatar da ya dawo, kin san inda ya je?"

Da ta ce ba ta sani ba, da an yarda, don ba wanda ya gani. Amma warin alkol ɗin ya dawo mata a hanci kamar yanzu Sabitu ya shigo da sandarsa, ta ga hannunsa na hawa hula yana sauka.

"Na ji warin," ta ce.

"Ya yi miki maganar?"

"Ya fara."

Zaituna ta gyaɗa kai. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ta ba, da ma ta yi. Ta miƙe ta shiga ɗakin Rahmatu kai tsaye, ɗakin da ta yi rarrafe a ciki, ta fito da gwangwanin. Mata suka ja baya, suna zaton rijiya za ta watsa shi. Sai ta buɗe murfin, ta ninke takardar yadda ubanta ya ninke ta, ta kwantar da ita a kan magungunan, ta rufe, ta buga da tafin hannu kamar yadda ta sha gani ana yi. Ta danƙa shi a hannun Rahmatu.

"Nononki na sha, ba zan iya ɗaga miki murya ba. Ajiye kayanki. Amma kada ki cire takardar. Duk ranar da za ki ba wani, ki fara ɗaga ta tukuna."

Bayan sadakar bakwai Zaituna ta kulle ɗakin ubanta ta koma Sokode, ba ta shiga yi wa Rahmatu sallama ba. Katifar da Sabitu bai gama ba aka jingine ta a katanga, bakinta a buɗe, kaji na tsattsage audugar.

Ranar wata Litinin da yamma Rahmatu na zaune a ƙofar ɗakinta sai ga Fatouma, goye da ƙaramin ɗanta, kansa ya langaɓe a bayanta yana numfashi da ƙyar. Ta tsaya nesa kaɗan, tana kallon ƙasa.

"Mma, tun safe jikinsa zafi. Na je can asibitin, na tarar an kulle, wai sun tafi tarar baƙi, sai gobe." Ta gyara goyon. "Ko guda ɗaya ne, in fasa masa a koko."

Rahmatu ta shiga ta ɗauko gwangwanin, ta dawo ta zauna. Ta sa farce ta ɓalle murfin. Takardar na nan a sama, ninki huɗu, da rinin gumi a gefenta, har yanzu a lanƙwashe daidai da kan Sabitu. Ta ƙasanta ana hango ja da rawaya. Fatouma ta miƙo tafin hannu tana jira, iska kuma ta kwaso wata 'yar audugar rimi daga katanga, ta zo ta sauka a kan takardar.